Digirin digirgir ba tare da barin aiki ba: Abin da Mubi ke buƙata daga Abuja

Mubi gari ne na ilimi, kuma gari ne na kasuwanci. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya tana can tun 1979, Jami'ar Jihar Adamawa kuma tun 2002. A garin ne kuma ake da ɗaya daga cikin manyan kasuwannin shanu na Arewa, inda dabbobi daga Kamaru da Chadi ke haɗuwa kafin a loda su zuwa Kudu. Sai dai jami'ar da kasuwar suna zaman 'yan marina, kowa da inda ya sa gaba.

Likitan dabbobin da ke aiki da kamfanin abincin kaji, ko injiniyan da ke kula da turakun sadarwa a ƙasar Mubi, idan ya so yin digirin digirgir, zaɓi biyu ne a gabansa. Ko ya ajiye aikin da yake ciyar da iyali da shi, ko ya riƙa satar lokaci yana karatun da ke jan shekaru babu ranar gamawa. Ma'aikacin gwamnatin tarayya yana da hutun ƙaro ilimi a dokokin aikinsa. Malamin jami'a yana da tallafin TETFund. Ma'aikacin kamfani kuwa sai abin da shugabansa ya ga dama.

Abin mamaki shi ne, kuɗin TETFund daga aljihun kamfanoni suka fito. Harajin ilimi da aka ɗora wa ribarsu ya tashi daga kashi 2.5 cikin 100 zuwa kashi 3 a 2023, amma shirin horar da malamai na asusun ya taƙaita ga ma'aikatan manyan makarantun gwamnati.

Wasu ƙasashe sun daɗe da warware wannan. A Faransa, tun 1981 ake gudanar da shirin CIFRE: kamfani ya ɗauki ɗalibi aiki na shekara uku, jami'a ta kula da bincikensa, gwamnati ta ba kamfanin tallafi. Denmark ta fara irinsa tun farkon shekarun 1970. Nijeriya ma tana da tushen da za ta ɗora a kai, domin Asusun ITF da aka kafa a 1971 ya daɗe yana tura ɗalibai sanin makamar aiki a kamfanoni ta shirin SIWES.

Za a iya cewa Mubi ba ta da manyan masana'antu. Gaskiya ne, amma tana da matsalolin da suka isa bincike: ciwon huhun shanu da ke ƙetare iyaka, ramar da dabba ke yi a doguwar tafiyar tirela zuwa Legas, da gubar da ke kama gyaɗa da masara a rumbu. Wanda ke fama da waɗannan kullum ya fi kowa sanin tambayar da ta dace. Garin da Boko Haram ta mamaye a Oktoban 2014, makarantunsa suka watse, yana buƙatar duk hanyar da za ta riƙe ƙwararrunsa a gida.

Akwai haɗari, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Inda kuɗi da son laƙabin "Dokta" suka haɗu, digiri kan koma haja. Kamfani ma kan so ɓoye sakamakon bincike. Maganin shi ne yarjejeniya a rubuce tsakanin jami'a da kamfani da ɗalibi, wadda ta fayyace kwanakin da za a ware wa karatu a mako, da wanda ke da mallakar sakamako, tare da wajabta wallafawa da kare kundin a gaban mai jarrabawa daga wata jami'ar.

Aikin yana hannun Abuja. Hukumar NUC ta fitar da ƙa'idojin wannan nau'in digiri. TETFund ta ware wani kaso da zai biya kuɗin binciken idan kamfani ya ɗauki nauyin albashi. Jami'an da ke rubuta wa ministoci da 'yan majalisa takardun shawara su ba da sunan Mubi a matsayin wurin gwaji, tare da Jami'ar Modibbo Adama ta Yola a matsayin mai dafa mata. Idan tsarin ya yi aiki a garin iyaka mai nisa da fadar gwamnati, Kano da Kaduna ba za su rasa hanyar kwaikwayo ba.