Ƙeya Ba Ta Sake Tsiro: Darasi Daga Istanbul Ga Samarin Bakin Kogi

Duk wanda ya taɓa ratsawa ta filin jirgin saman Istanbul ya san su: maza a layin shiga jirgi, an yi musu aski ƙwal, an naɗe ƙeyarsu da bandeji, gaban kai duk ɗigon busasshen jini. Wasu Ingila za su koma, wasu Italiya, wasu ƙasashen Larabawa. Dashen gashi ne ya kawo su. Turkiyya ta mayar da wannan aiki babbar kasuwa, ta kuma haɗa wa mai saye komai wuri guda: motar da za ta ɗauko shi daga filin jirgi, kwana biyu ko uku a otal, tafinta, da tiyatar kanta, duka a kan yuro 2,000 zuwa 3,000. A Landan ko Amurka sai mutum ya ninka wannan kuɗi ba sau ɗaya ba.

Aikin bai iso garinmu Malanville da ke Benin ba tukuna, amma tallarsa ta riga ta iso. Saurayin da ke Toumboutou a yankin Malanville, wanda gashinsa ya fara janyewa tun kafin ya yi aure, yana ganin bidiyon a wayarsa ta TikTok da Facebook: ga mutum jiya da sanƙo, ga shi yau da suma. Yuro ɗaya sefa 656 ne, ke nan mafi arhar farashin ya haura sefa miliyan 1 da dubu 300, ban da kuɗin jirgi daga Kwatano. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake sefa 52,000 a wata, wannan albashin wata 25 ne cur. Babur ne da jarin albasa da wani abu daga kuɗin aure. Ba na raina damuwar wanda yake wannan lissafi. Mu kan ce sanƙo alamar arziki ne, amma wanda abin ya sama yana ɗan shekara 22 ya san yadda zolayar abokai a majalisa take zama a zuciya, ya san dalilin da ya sa ba ya cire hula ko da zafin bazara. Saboda damuwar ta gaskiya ce, ya cancanci a faɗa masa abin da mai talla ba zai faɗa ba.

Sanƙon maza gado ne da ke aiki ta hanyar sinadarin mazantaka. A shekarar 1942 wani masani a Amurka, James Hamilton, ya nuna cewa mazan da aka yi wa dandaƙa tun kafin balaga ba sa yin sanƙo. Daga baya aka gane cewa wani sinadari da jiki ke sarrafawa daga na mazantaka, wanda ake kira DHT, shi ne ke tsuke saiwar gashin goshi da tsakar ka a hankali, gashin ya yi ta sirancewa har ya daina fitowa. Saiwar da ke ƙeya da gefen kunnuwa ba ta cika jin wannan sinadari ba, shi ya sa za ka ga dattijo da sanƙo fes amma ƙeyarsa cike. A kan wannan bambanci aka gina dashen gashi gaba ɗaya. Wani likitan Japan, Shoji Okuda, ya yi rubutu a kai tun 1939, yaƙin duniya ya sa duniya ba ta ji ba. Norman Orentreich na birnin New York ne ya bayyana a 1959 cewa gashin da aka ɗauko daga ƙeya yana riƙe halinsa ko an kai shi goshi.

Manomin shinkafa a fadamar Malanville ya san dashe: a cire tsiro daga inda aka yayyafa iri, a kai shi gona a kafa. Haka likita yake yi da saiwar gashi. Sai dai manomi in irinsa ya ƙare zai sake yayyafa wani. Ƙeya ba ta da wannan. Duk saiwar da aka cire ta tafi ke nan, gurbinta tabo ne har abada. Dashe ba ya ƙara ko silin gashi ɗaya a kan mutum, wuri kawai yake sauya wa wanda ke akwai.

Nan ne lissafin yake juya wa mai babban sanƙo baya. Likitoci suna auna zubar gashi da matakai 7, ma'aunin da Hamilton ya fara a 1951, O'Tar Norwood ya gyara a 1975. A mataki na 6 da na 7, goshi da tsakar ka sun haɗe sun zama fili ɗaya, wanda kan kai murabba'in santimita 200. Gashi a dunƙule yake fitowa, sili 1 zuwa 4 a kowane gindi, kuma gindi ake ƙirgawa wajen dashe. Don wuri ya yi kama da rufaffe ana so a kafa gindi kamar 40 a kowane murabba'in santimita, wato 8,000 ga wancan fili. Abin da ƙeyar mutum za ta iya bayarwa a tsawon rayuwarsa ba tare da ta kwashe ba, likitoci kan ƙiyasta shi tsakanin 6,000 da 8,000, kuma na baƙar fata yakan gaza haka, domin gashinmu bai kai na Turawa yawa a kan fata ba, nannaɗewarsa ce take sa ya yi kamar ya fi cika. Wanda ya fi kowa son dashen shi ne wanda abin dasawarsa ya fi ƙaranci.

Ƙuruciya ta ƙara dagula al'amarin. Wanda gashinsa ya zube da yawa tun yana ɗan 22 ko 23, alama ce cewa nasa mai ƙarfi ne kuma bai gama ba. In aka jera masa layin goshi irin na ɗan makaranta, aka kashe gindi 4,000 a kai, bayan shekara biyar gashinsa na asali da ke bayan layin zai ci gaba da zubewa, ya wayi gari da tuntu a gaba da fili a baya, ƙeya kuma an riga an kwashe rabinta. Wayne Rooney, tsohon ɗan ƙwallon Manchester United, ya sanar da kansa a 2011 cewa an yi masa dashe a Landan yana da shekara 25. A 2013 ya koma aka sake yi. Mutum ne da kuɗi ba sa ba shi tsoro, kuma ya samu ƙwararrun likitoci, duk da haka zama ɗaya bai isa ba. Saurayin da ya sayar da babur don zama na farko, da me zai biya na biyu? Shi ya sa likitoci masu tsoron Allah kan ce a dakata har a wuce shekara 25, a ga inda zubar ta dosa.

Me ya sa Istanbul take da arha? Faɗuwar darajar kuɗinsu, lira, na daga ciki, da arhar ma'aikata, da yawan masu zuwa. Akwai likitoci a can da suka iya aikin ƙwarai, wannan ba abin musu ba ne. Amma akwai kuma wuraren da ake shigar da mutum goma ko fiye a rana, likita ya leƙo ya zana layin goshi da alƙalami ya fita, sauran aikin na awa shida zuwa takwas, har da allurar kashe zafi da huda fata, ya faɗa hannun ma'aikatan da ba likitoci ba. Sabuwar hanyar da ake kira FUE, wadda aka bayyana a 2002, ita ce ta sauƙaƙa wannan. A da sai an yanko ɓallin fata daga ƙeya an ɗinke, aikin da ba mai yi sai likitan tiyata. Yanzu da ɗan ƙaramin inji ake zaro saiwa ɗaya bayan ɗaya, abin da ya sa wasu ke ganin kowa ma zai iya. Ƙungiyar likitocin dashen gashi ta duniya, ISHRS, ta daɗe tana gargaɗi a kan irin waɗannan wurare, gwamnatin Turkiyya kuma ta fitar da sabbin ƙa'idoji a 2023 don ta kama linzamin sana'ar. A Indiya abin ya kai ga rasa rai: a 2021 wani matashi ya rasu a Delhi bayan ƙwayoyin cuta sun shiga jininsa daga dashen da aka yi masa, har babbar kotun birnin ta sa baki, hukumar likitocin ƙasar ta fitar da umarnin cewa ƙwararren likita kaɗai zai riƙa yin aikin.

In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Turkiyya da Indiya ƙasashe ne masu ɗimbin likitoci da hukumomin sa ido, amma abin ya kufce musu. Mu a garin kan iyaka muke, inda kaya ke tsallaka kogin Kwara tsakanin Malanville da Gaya ko gada na buɗe ko tana rufe, inda ake sayen ƙwaya a faranti a kasuwa. Gwamnatin Benin ta kai samame kan masu sayar da jabun magunguna a kasuwar Dantokpa ta Kwatano a 2017, ta kwashe tan-tan na kaya, amma kowa ya san tallar magani a kai ba ta mutu ba. Injin FUE ana sayensa ta intanet. Ranar da wani zai kama ɗaki a gari ya kafa allo cewa ya koyo dashen gashi a Turkiyya, ya yanka farashin da bai kai kuɗin jirgi ba, ba ta da nisa. A yankin da ciwon hanta da ake ɗauka ta jini ya yi yawa, huda fatar kai sau dubbai da kayan da ba a dafa yadda ya kamata ba babban ganganci ne. Ya kamata hukumomin lafiya na jihar Alibori su san da wannan tun kafin allon ya tashi.

Masu tambaya ta fuskar addini, malamai da dama, ciki har da Shaihu Ibn Usaimin, sun halatta dashen gashi, suna kallonsa a matsayin gyaran aibi ba sauya halitta ba, suna kafa hujja da hadisin mutum uku na Bani Isra'ila da ɗayansu mai sanƙo ne ya roƙi gashi aka ba shi. Halaccin abu bai ɗauke wa mutum nauyin kare jikinsa da dukiyar gidansu ba.

To me ya rage wa saurayi? Da farko a tabbatar sanƙon gado ne. Makero, da gashin da ke zubewa zagaye kamar kwabo, da ƙarancin jini, da wasu cututtukan fata masu barin tabo, duk suna zubar da gashi, kowanne da maganinsa, kuma dashe a kan wasunsu asara ce zalla. Wannan aikin likitan fata ne, kuma akwai su a asibitin koyarwa na Paraku da na Kwatano. In na gado ne, magani biyu aka tabbatar suna aiki: minoksidil na shafawa, wanda aka amince da shi a Amurka a 1988, da ƙwayar finasterid da aka amince da ita a 1997, wadda ke rage DHT. Ba sa tayar da saiwar da ta mutu, riƙe wadda ta rage suke yi, kuma ranar da aka daina, zubar ta dawo. Finasterid tana rage wa wasu ƙalilan sha'awa ko ƙarfin namiji, hukumomin magani a Turai sun yi gargaɗi cewa tana iya taɓa yanayin zuciyar wasu, mace mai ciki kuma ba a so ta taɓa fasasshiyar ƙwayar. Ba maganin da za a saya a faranti ba ne. Ko wanda aka yi wa dashe ana so ya ci gaba da sha, wani kuɗin ke nan na kowane wata da ba ya cikin farashin talla.

Wanda ya riga ya kai mataki na 6 ko na 7, abin da likitan gaskiya zai iya yi masa shi ne ya ɗan gyara gaban kai da layi mai tsayi irin na magidanci, ya bar tsakar ka a buɗe. Wasu sun gamsu da haka. Da yawa kuma, in aka nuna musu hoton yadda zai kasance a gaske, sukan zaɓi askin ƙwal, wanda a ƙasarmu ba baƙon abu ba ne, ga hula ga rawani.

Akwai magana ɗaya da ta shafe mu fiye da Baturen da ke kan layi a Istanbul. Gashin baƙar fata ba a waje kaɗai yake lanƙwashe ba, saiwarsa ma a ƙarƙashin fata lanƙwasasshiya ce. Bakin inji kuwa miƙe yake shiga. Hannun da bai saba da irin namu ba zai yi ta gutsure saiwa, kuma wadda aka gutsure ba ta amfani goshi ba, ƙeya ma ta rasa ta. Sannan fatarmu ta fi saurin yin tabo mai tudu, irin wanda ke kumbura ya yi ta girma bayan tsaga ko hudar kunne. Ku duba ƙeyar samari a sahun salla: da yawa suna da ƙurajen nan masu tauri da ke biyo bayan askin reza ko na injin da ya ci fata, wasu har sun haɗe sun zama kirci. Wannan wurin ne daidai inda za a huda sau 3,000 ko 4,000. Saurayin da ke da irin waɗannan ƙuraje, ko wanda tsagar wanzami ta taɓa yi masa tudu, wajibi ne ya faɗa wa likita, kuma ya nemi ganin hotunan ƙeyar baƙaƙen fata da likitan ya yi wa aiki shekara guda baya, ba gaban kansu kaɗai ba. Ga irin wannan mutum, likitan da ya san aikinsa yakan cire gindi kaɗan ya dasa don gwaji, ya ce a tafi a dawo bayan watanni a ga yadda fatar ta warke. Tafiyar kwana uku da aka biya kuɗinta tun daga gida ba ta da gurbin wannan jira.