Ƙungiyoyin fasaha a Gaya da Ajingi: Kowa na son gaban kyamara, wa zai riƙe littafin kuɗi?

A watan Disambar 2024 ne hukumar UNESCO ta sanya Hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun gado na duniya. An sha murna a Facebook da TikTok, kowa na ɗora hoton dawakai da rawuna. Kafin nan, a Yulin shekarar, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu kan dokar da ta dawo da masarautar Gaya a matsayin mai daraja ta biyu, ta haɗa Gaya da Ajingi da Albasu. A Abuja kuma tun 2023 aka ba al'adu da fasaha ma'aikata, ƙarƙashin Hannatu Musawa. Wato a sama dai maganar al'ada ta yi kasuwa. To a ƙasa fa? A unguwanni da ƙauyukanmu, su wa ke riƙe da aikin, kuma me ya kawo su?

Duk wanda ya taɓa zama a taron ƙaramar ƙungiyar dirama ko ta marubuta a yankinmu ya san irin fuskokin da ake gani. Ga malamin firamare da ke rubuta labarin wasa a bayan takardun jarrabawa. Ga tela mai ɗinka kayan sarki da na dogari ba tare da ya karɓi ko sisi ba. Ga mai shagon cajin waya, wanda shi ne mai ɗaukar hoto, shi ne kuma mai tacewa. Ga ɗalibar Jami'ar Aliko Dangote da ke Wudil, mai rubuta waƙoƙi a waya. Ga manomi, wanda da zarar damina ta faɗi sai ka neme shi ka rasa har sai an girbe gero. Babu mai albashi a cikinsu, karo-karo ne ke tafiyar da komai.

Wasu na ganin wannan haɗin gambiza rauni ne. Tarihi bai nuna haka ba. Kannywood ɗin da muke tinƙaho da ita yau daga ƙungiyoyin dirama na unguwa ta fito. Ƙungiyar Tumbin Giwa, wadda su Ibrahim Mandawari suke ciki, ita ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a 1990, tun ba a san za a ci abinci da sana'ar ba. A fagen rubutu ma haka ne. Ado Ahmad Gidan Dabino, mai littafin In Da So Da Ƙauna, ta makarantar yaƙi da jahilci ya shigo boko. Balaraba Ramat Yakubu an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, daga baya ta koma karatu, ta rubuta Alhaki Kuykuyo Ne, littafin da aka fassara zuwa Turanci a 2012. Su biyun sun haɗu a ƙungiyar marubuta ta Raina Kama, inda ake taimakon juna wajen buga littafi da kai shi kasuwa. Ba digiri ne ya haɗa su ba. Kowa ya zo da abin da rayuwa ta koya masa, aka zuba a tukunya ɗaya.

Su ma 'yan bokon da suka yi fice a wannan fanni sai da suka gane haka. Tun a shekarun 1970 malamai da ɗaliban dirama na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suka fara fita ƙauyuka irin su Soba, suna zama da manoma, suna jin damuwarsu, sannan a tsara wasa a kanta a yi shi a dandali. Darasin da ke ciki shi ne, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wasan da aka yi kan tsadar taki ko yaran da ke barin makaranta, in ɗan Ajingi ne ya tsara shi da harshen Ajingi, ya fi shiga zuciya fiye da wanda aka ɗauko daga birni.

Matsalar ba ta asalin mutane ba ce, ta niyya ce. A yau abu uku ke kawo matashi ƙungiya. Wani son abin ne kawai a ransa. Wani tsani yake nema, ya tara mabiya, ya tsallaka Kano, ko Allah zai sa a gan shi a Arewa24. Wani kuma ya ji an ce ƙungiyoyin agaji na ba da tallafi, ya zo ya kama layi. Babu laifi a ko ɗaya, wallahi, kowa na da cikin da zai ciyar. Laifin shi ne ba a faɗa wa juna gaskiya tun farko. Ranar da 'yan kuɗi suka shigo, sai mai son Allah ya ce a sayi lasifika, mai neman suna ya ce a sa data a tallata bidiyo, na uku ya ce a raba. Daga nan sai gaba, sai ƙungiya ta dare biyu.

Abu na biyu, kowa jarumi yake son zama. A tara mutum ashirin, sha takwas gaban kyamara suke so. Wa zai rubuta abin da aka tattauna a taro? Wa zai riƙe littafin kuɗi? Wa zai rubuta wasiƙa zuwa fada ko sakatariya? Wa zai bi takardun rajista a CAC, da tsarin mulki da amintattu, waɗanda sai da su ake buɗe asusun banki da sunan ƙungiya? Wa ya san ƙa'idojin Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda ke aiki tun 2001? Dubi bikin littattafai da fasahar Hausa na HIBAF da Sada Malumfashi da abokan aikinsa suka fara a Kaduna a 2021. Abin da ake gani a hoto marubuta ne a kan dandamali, amma a bayansu akwai masu lissafi da masu shirya masauki da masu neman tallafi.

Sai batun mata. Yawancin taruka bayan Magariba ake yi, a bakin titi ko majalisa, inda ba uban da zai bar 'yarsa ta je. Sannan mu dawo muna cewa mata ba su da sha'awa. Alhali waƙoƙin daka da na biki da tatsuniya da kitso da lalle duk a hannunsu suke. A mayar da taro ajin makaranta da rana, a sanar da iyaye, a ga in ba za su zo ba.

Me ya sa maganar ta zama ta gaggawa? Saboda 2027 na ƙaratowa. 'Yan siyasa za su zo neman mawaƙa da masu barkwanci da masu mabiya. Ƙungiyar da ba ta san me ya tara ta ba, buhun shinkafa da 'yan dubbai sun isa su mayar da ita reshen kamfe, bayan zaɓe kuma a watse ana hararar juna. Wanda ke son yi wa ɗan takara waƙa ya yi da sunansa, haƙƙinsa ne, amma a bar sunan ƙungiya a gefe, kuma a rubuta hakan tun yanzu.

Tarihin baka ya ce Abagayawa, maƙeran da suka zauna a gindin Dala, daga Gaya suka tashi neman tama. Ƙira kuwa ba aikin mutum ɗaya ba ce, sai da mai zuga da mai kawo gawayi. Don haka, 'yan uwa matasa, in ka iya lissafi, ko rubuta wasiƙa, ko gyaran janareta, akwai gurbinka a ƙungiyar fasaha ko da ba ka iya waƙa ba. Ku kuma shugabanni, duk wanda ya zo shiga ku tambaye shi abu biyu: me ka iya, kuma me kake so ka samu? Ku rubuta amsar a littafi, za ta yi muku rana.