Kar mu gaji da ɗigo biyu

Duk wanda ya taɓa ratsa kasuwar Maraɗi ko ta Damagaram ya ga magidanta bisa keken guragu, suna tuƙi da hannu. Da yawansu da ƙafafu lafiyayyu aka haife su. Zazzaɓi ne na ƴan kwanaki ya kama su suna ƙanana. Da ya sauka sai ƙafa ta saki, ba ta sake ɗaukarsu ba.

Lokacin da nike lakwal, akwai wani yaro a unguwarmu da ya fi mu duka kai. Shan-inna ta taɓa shi yana shekara 3. Wansa ke goya shi zuwa aji. Ranar da aka tsai da wan don aikin gona, shi ma karatunsa ya tsaya. Yau tela ne, yana ci da iyalinsa da keken ɗinki na hannu, bai roƙon kowa. Cikin ƴaƴansa kuwa babu wanda ya taɓa tsallake rigakafi.

Kakanninmu sun ce Inna ce ke shanye ƙafa, daga nan sunan ya fito. Likitoci sun gano ƙwayar cuta ce. Tana fita cikin bayan-gida, ta shiga ruwa ko abinci, ta koma bakin wani yaro. Ta fi kama ƴan ƙasa da shekara 5. Cikin 200 da ta shiga jikinsu, kamar ɗaya ne ke shanyewa. Sauran suna yaɗa ta ba a sani ba. In kuwa ƙafa ta shanye, babu maganin da ke maido ta.

A shekara ta 1988, da duniya ta ɗaura yaƙi da cutar, tana nakasa yara wajen 350.000 kowace shekara cikin ƙasashe 125. Ranar 25 ga Agusta 2020 aka shaida cewa asalin ƙwayar ta ƙare a Afirka. Amma wani irinta na ɓullowa har yanzu inda yara da yawa ba su samu rigakafi ba. Mu tuna 2003: da aka dakatar da ɗigon a Kano saboda jita-jita, cutar ta tsallaka iyakoki, ta kai har Yaman da Indunusiya. Ƙwayar cuta ba ta tsayawa duwan.

Na ji iyaye na cewa: "Kullum ana kawo mana ɗigo kyauta har gida, amma in zazzaɓin sauro ya kama yaro sai mun sayi magani." Wannan kuka gaskiya ne, ya kamata hukuma ta saurare shi. Sai dai wanda ya kora masu rigakafi don fushi, ɗansa ya hora. Ɗigo sau ɗaya bai isa ba, shi ya sa ake maimaitawa.

Saboda haka, uwa ta kai jariri likita tun haihuwa, sannan a sati 6, da 10, da 14. Maigida ya buɗe ƙofa ranar zagaye. Hakimai da malamai su fara da gidajensu, jama'a na gani. Mu ma'aikata kuma kar mu mance da waɗanda cutar ta riga ta taɓa: a yi musu hanyar shiga aji da ofis, a ba su aiki gwargwadon iliminsu.

Rigakafi ya fi magani, balle cutar da ba ta da magani. Allah shi raya mana zuri'a.