Tsintsiya Kafin Fenti: Darasin Dakar ga Samaru da Sabon Gari

Duk wanda ya shiga mota a bakin ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, ya bi ta Palladan da Kwangila ya sauka PZ, zai sha karatu a hanya ko bai shirya ba, domin katangun hanyar cike suke da rubutu. Ga fastocin 'yan takarar da aka daɗe da gama zaɓensu, wani a kan wani, rana ta cinye fuskokinsu. Ga tallar maganin basir da na sanyi, an rattaba da jan fenti. Ga sanarwar darasin share fagen jarrabawa, ga gargaɗin cewa gidan nan ba na sayarwa ba ne. Wanda ya fi yawa kuwa shi ne "An hana fitsari a nan", kuma sau da yawa za ka tarar da bola jibge a gindin rubutun.

Abin yana ci mini rai, saboda hanyar nan ta ratsa tsakanin wurare biyu da samun kamarsu a sanin bango da launi sai an tona. A Samaru akwai makarantar koyon zane da sassaƙa da ta dawo Zariya daga Ibadan a 1955, tun kafin a kafa jami'ar kanta a 1962. A nan ne a 1958 wasu ɗalibai, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar da daga baya aka riƙa kiran mutanenta 'Yan Tawayen Zariya. Tawayensu shi ne sun ƙi yarda cewa zane sai irin na Turawa. Okeke ma komawa ya yi ga uli, adon da matan Ibo ke yi a jiki da jikin bango, ya gina aikinsa a kai. In ka zarce daga Sabon Gari ta Tudun Wada ka shiga Ƙofar Doka kuma, ka isa birnin Babban Gwani, maginin da ya gina masallacin Juma'a na Zazzau a zamanin Sarki Abdulkarimu, birnin da fuskar zaure ke gaya maka matsayin mai gida tun kafin ka yi sallama.

Na ga ya dace mu leƙa Dakar, babban birnin Senegal, ƙasar su Shehu Ibrahim Inyass, domin sun taɓa shiga halin da ya fi namu muni, kuma da tsintsiya da fenti suka nemi mafita.

A watan Fabrairun 1988 aka yi zaɓe a ƙasar, aka ce Shugaba Abdou Diouf ya sake lashewa, aka tsare abokin takararsa Abdoulaye Wade, gari ya rikice har aka kafa dokar ta-ɓaci. Yajin ɗalibai ya yi tsawo, aka soke shekarar karatun sukutum. A Afrilun 1989 rikici ya ɓarke tsakanin Senegal da Muritaniya, aka zubar da jini a titunan Dakar, aka wawashe kantuna. Ga kuma tsuke bakin aljihu irin wanda mu ma muka ɗanɗana a zamanin SAP, wanda ya sa kwasar shara ta tabarbare. Bola ta toshe lunguna, damina ta zo ta tarar da magudanai a cike. Samari sun yi jifa sun gaji, ba makaranta, ba aikin yi.

Sai suka ɗauki tsintsiya. Yunƙurin ya kai ganiyarsa a 1990, shekarar da mawaƙi Youssou N'Dour ya fitar da faifansa mai suna Set. Samarin sun kira abin Set Setal, wato da harshen Wolof ka tsarkaka ka kuma tsarkake. Ƙungiyoyin ƙwallo da al'adu na unguwanni, waɗanda suka saba shirya gasar damina, su ne ƙashin bayansa. A Medina da Fass da Colobane da sauran unguwanni, yara suka bi gida-gida suna karɓar gudummawa, suka tsayar da masu mota suna neman taro da sisi, suka kwashe bola, suka yashe kwatoci, suka shafe bakin titi da gindin bishiyoyi da farar ƙasa. Bayan wuri ya yi fes ne suka ɗauko fenti. Sun zana Shehu Ahmadu Bamba da Alhaji Malik Sy, sun zana gwarazan tarihi irin su Lat Dior da Cheikh Anta Diop da Mandela wanda aka sako daga kurkuku a shekarar, sun zana gargaɗi kan zazzaɓin cizon sauro da gudawa da ƙanjamau. Wasu lungunan ma sabon suna suka raɗa musu. Masanin tarihi Mamadou Diouf ya yi rubutu a kan wannan lamari, yana kallonsa a matsayin yadda matasa suka sake rubuta tarihin birninsu da hannunsu.

Jeren aikin nan shi ne ya fi ɗaukar hankalina. Duk wanda ya taɓa shiga gayyar kwashe bola a unguwa ya san inda gizo ke saƙar: ku kwashe ranar Asabar, kafin wata Asabar an fara sabuwa, domin filin da aka share aka bari haka nan kamar kiran mai zubarwa yake yi. Samarin Dakar sun gane cewa wurin da aka share yana bukatar mai gadi, kuma zane mai gadi ne da ba ya barci. Mutumin da zai karanta "an hana" ya yi ko oho, zai ji nauyin juye kwandon shara a gaban aikin da ya san ɗan maƙwabcinsa ya wuni cikin rana yana yi, aikin da shi kansa ya ba da kuɗin fentinsa. Mu namu tsarin tsaftar muhalli na ƙarshen wata da bulalar soja ya zo, a zamanin Buhari da Idiyagbon, shi ya sa har yau mutane da yawa ke ɗaukarsa aikin hukuma. Nasu kuwa gayya ce, irin wadda muka sani a gona da yaɓen gida.

Set Setal bai ɗore da ƙarfinsa na farko ba. Cikin 'yan shekaru zafinsa ya lafa, rana da iskar teku suka cinye fentin, akasarin zanen ya ɓace. Amma irin bai mutu ba: tun 2010 ake bikin masu zanen bango na Festigraff a Dakar, kuma da annobar korona ta zo a 2020, matasan birnin sun sake cika katangu da hotunan wanke hannu da rufe baki.

Maganin rashin ɗorewa sai mu duba shi a Filadelfiya ta Amurka. A 1984 magajin garin, Wilson Goode, ya kafa wani shiri na yaƙi da ɓata katangu, aka ɗauko wata mai zane, Jane Golden, ta yi aiki da yaran da ke ɓatawar. Maimakon a kama su, sai aka koya musu sana'ar aka kuma ba su bango. Zuwa yau shirin ya samar da ayyuka sama da 4,000 a birnin. Sirrinsu ba wani ɓoyayye ba ne: a nemi izinin mai bango, a zauna da mutanen unguwa su faɗi abin da suke so su gani, a biya mai zane haƙƙinsa, a kuma tanadi kuɗin gyara in ya koɗe. A unguwar Grays Ferry, bayan tashin hankali tsakanin baƙaƙe da farare a 1997, an zana hannaye masu launi daban-daban ɗaya bisa ɗaya, kuma sai da aka bi gida-gida ana lallashi kafin aikin ya yiwu. Sabon Gari, garin da jirgin ƙasa ya haifa, inda Bahaushe da Bayarabe da Ibo da mutanen Kudancin Kaduna ke cin kasuwa ɗaya fiye da shekara ɗari, ya san darajar irin wannan zama.

Akwai abin da bai kamata mu kwaikwaya ba. A Dakar hoton shehi a jikin bango abin alfahari ne ga kowa. A Zariya fuskar malami ko ta ɗan siyasa a katangar unguwa za ta iya raba kan layi guda kafin fentin ya bushe, ga kuma malamai da yawa da ke ƙyamar surar mai rai. Wannan ba cikas ba ne ko kaɗan, don magabatanmu sun riga sun warware shi. Magina sun ƙawata zauruka da dagi da takobi da allo da sarƙaƙƙun layuka, da zamani ya zo suka ƙara keke da agogo da jirgi. Kuma sun fi Dakar dabara ta fuska guda: tun yaɓe na ɗanye suke tono zanen ko su tayar da shi, a da da laka da makuba, daga baya da siminti. In launi ya koɗe siffar tana nan, sai dai a sake shafawa bayan damina. Ga auduga da gyaɗa da dawa da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ta shahara da su, ga layin dogo, ga dutsen Kufena, ga rubutun ajami. Abin zanawa ba zai ƙare ba.

Masu aikin ma ba sai an yi hayarsu daga nesa ba. A Sabon Gari akwai masu rubuta allon shago da masu yi wa manyan motoci da Keke Napep ado, mutanen da hannunsu ya faɗa shekara da shekaru amma ba a lissafa su cikin masu fasaha. A birni akwai sauran tsofaffin magina da ya kamata a zauna a gabansu tun suna raye. A Samaru kowace shekara ana yaye ɗaliban zane da na tsara gine-gine. Ƙungiyoyin ƙwallo da na ci gaban unguwa kuwa, daga Hayin Dogo har Muchiya da Chikaji, da ma sun saba fitowa yashe kwata kafin saukar ruwa.

Samaru da Sabon Gari duk ƙaramar hukuma ɗaya ce, saboda haka ƙofar da za a ƙwanƙwasa ba ta da yawa. Ina roƙon shugabannin ƙaramar hukumar da hakimai da masu unguwanni su ware katanga ɗaya tak, ta makarantar firamare ko ta asibitin sha-ka-tafi, su hana manna fasta a jikinta. Ina roƙon malaman sashen zane na jami'a su turo ɗalibansu su yi aikin tare da magini da mai rubuta allo, 'yan kasuwa su sayi siminti da fenti. Ku kuma samarin unguwa, ku za ku fara: ku kwashe bolar da ke gindin katangar, ku yashe kwatar da ke gabanta, sannan ku kira masu zane.