Darasin Turanci: Harafin S Ba Ya Kwana Gida Biyu

A watan jiya mun duba yadda ake yin jam'in suna a Turanci. Yau za mu ɗora da wani ɗan abu wanda yake ka da yara da yawa a jarrabawa, wato jituwar mai aiki da aikatau a cikin jimla.

Mu da muke gyaran littattafan yara a makarantun ikkilisiya na wannan yanki, daga Kwanar Dangora zuwa Tudun Wada da Doguwa, kusan kullum sai mun ci karo da jimla irin "The farmers goes to market" ko "My sister sell rice". Yaron da ya rubuta haka ba daƙiƙi ba ne, harafi ɗaya ne ya ruɗe shi. Amma mai duba takardun WAEC ko NECO ba ya tambayar dalili, sokewa zai yi ya rage maki. Kun kuwa sani, wanda bai ci Turanci da kyau ba, da wuya ƙofar jami'a ko ta makarantar koyon aikin jinya ta buɗe masa, ko da ya ci sauran darussa. Iyayen da suka sayar da masara da awaki suka biya kuɗin jarrabawa sun san zafin wannan.

Abin da muke so a gane shi ne, yaranmu sun riga sun san wannan doka tun suna koyon magana. Ba za ka taɓa jin ɗan shekara huɗu ya ce "Manoma ya tafi kasuwa" ba. Ya san manomi ya tafi, yarinya ta tafi, manoma sun tafi. A Hausa kalmar tafi tana nan yadda take, ƙananan kalmomin nan, ya da ta da sun, su suke nuna ko mutum ɗaya ne ko da yawa. A Turanci kuwa aikatau ɗin kansa yake nunawa, da harafin s.

Ga dokar, in ana maganar abin da aka saba yi kullum. In mai aikin ɗaya ne, s yana hawa kan aikatau: "The farmer goes". In suna da yawa, s ya koma kan suna, aikatau ya tsaya haka nan: "The farmers go". Yaro ya koyi cewa s alamar yawa ce, shi ya sa yake liƙa shi ko'ina in ya ga mutane da yawa. Sai a gaya masa, harafin nan ba ya kwana gida biyu. Ku dubi is, was, has da does, dukansu na mutum ɗaya ne, dukansu kuma da s suka ƙare. Na masu yawa su ne are, were, have da do. A lura dai, I da you ba sa sa wa aikatau s: "I go", "you go".

Akwai wurare huɗu da Hausa da Turanci suka raba hanya, a nan ne ya kamata a yi hattara.

Na farko, ƙidaya. Mukan ce buhu goma, shekara biyar, ba ma damuwa da jam'i. Turanci ba ya yarda, dole a ce "Ten bags are in the lorry".

Na biyu, wasu sunaye. Mukan ce kuɗi sun ƙare, domin asalin kalmar kuɗi jam'in wuri ce, tun zamanin da ake ciniki da shi. A Turanci sai "The money is finished". Wando da almakashi kuwa, waɗanda muke ɗauka abu ɗaya, su suna lissafa su jam'i: "My trousers are torn".

Na uku, girmamawa. Yaro mai ladabi yakan ce Baba sun dawo, ko Pasto suna ciki. Wannan al'ada ce mai kyau, kada a bar ta. Amma Turanci ba shi da ita, komai girman mutum ɗaya ne: "My father has come back".

Na huɗu, sunayen da jam'i ne amma ba su da s, kamar children, men, women, people, cattle da police. Duk are suke ɗauka. News kuwa yana da s, amma is yake ɗauka.

A wasu wurare Hausa ce za ta fid da yaro. Mukan ce kowa ya zo, su ma "Everybody has come". Mukan ce ɗaya daga cikin yaran ya zo, su ma "One of the boys has come". Saboda haka in yaro ya rikice, ya nemi mai aikin, ya tambayi kansa da Hausa, shi ne, ita ce, ko su ne? Ban da 'yan kalmomin da muka zana a sama, waɗanda sai an haddace, amsar da ya samu za ta nuna masa inda s zai zauna.

Tun da aka buɗe shirin UPE a 1976 azuzuwa suka cika, malami ba ya iya sauraron kowane yaro ɗaya ɗaya. Gida ne zai cike gurbin, ko da iyaye ba su jin Turanci. Bayan addu'ar yamma a ba da minti biyar. Uba ko uwa su faɗi jimla da Hausa, kamar "Saniya tana shan ruwa", sa'an nan "Shanu suna shan ruwa", yaro ya juya su da babbar murya, wansa ko yarsa su saurara su gyara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ga aikin wannan wata, a juya waɗannan zuwa Turanci:

1. Mata suna sayar da shinkafa a Tudun Wada.
2. Direba yana zuwa Kano kullum.
3. Kuɗin makaranta sun yi yawa.
4. Kaka suna barci.
5. Ɗaya daga cikin awakinmu ta ɓata.

Za mu kawo amsoshi a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ubangiji ya albarkaci gidajenku, ya buɗe wa yaranmu basira.