Sabuwar ƙwaƙwalwar waya: Kada manhajojin Hausa su mutu a hannun masu turi

A kasuwannin Tasawa da Mayahi, a jihar Maradi, shagon mai turi shi ne gidan sinima, shi ne kantin waƙa, shi ne ɗakin karatu. Wanda ba shi da kuɗin data yana miƙa katin memori, a zuba masa fina-finan Kannywood da fassarar Indiya da wa'azi da karatun Alƙur'ani. Haka manhajar da ke kunna su take yawo daga waya zuwa waya ta Xender. Wannan tsari ya daɗe yana yi wa talaka aiki, amma wani sauyi da manyan kamfanonin fasaha suka yi yana shirin taɓa shi.

Kowace waya tana da ƙwaƙwalwar da ke aiwatar da umarni, kuma kowace manhaja ana gina ta ne da yaren da ƙwaƙwalwar take ji. Tsohon tsari shi ne mai bit 32, wanda a ƙa'ida ba ya iya sarrafa RAM fiye da gigabait 4. Sabon shi ne mai bit 64. Apple ya rufe ƙofa ga tsofaffin manhajoji tun 2017 da iOS 11. Google ya wajabta wa masu ɗora manhaja a Play Store su haɗa da nau'in bit 64 daga 1 ga Agusta 2019. A 2022 ya fitar da Pixel 7, wadda ba ta karɓar manhajar bit 32. Kamfanin Arm, mai zana ƙwaƙwalwar kusan duk wayoyin duniya, ya sanar cewa sababbin zane-zanensa na waya daga 2023 na bit 64 ne zalla.

Sauyin yana cizo ta fuska biyu. Ɗan ci-rani a Libiya ko Aljeriya ko Legas zai iya aiko wa mahaifinsa sabuwar waya a Kanembakashe, a je wurin mai turi, tsohuwar manhajar tafsirin da dattijon ya saba da ita ta ƙi hawa. A ɗaya ɓangaren, matar da ke riƙe da tsohuwar waya a Korgom za ta wayi gari sabuwar manhaja ta ƙi ta. An ga irin haka a Oktoban 2023, lokacin da WhatsApp ya daina aiki a wayoyin da Android ɗinsu bai kai na 5.0 ba. Ga iyalin da saƙon murya ne kaɗai igiyar da ta haɗa su da ɗansu a ƙetare, wannan babbar asara ce.

Manyan kamfanoni suna da injiniyoyin da za su sake gina kayansu. Abin tsoro yana kan ƙananan manhajojin Hausa: na littattafan hikaya, na azkar, na wa'azin malamai, na sauraron rediyo. Da yawansu matashi ɗaya ne ya gina, ya saki, sannan neman abinci ya kai shi wani wuri. Idan rubutun asalin manhajar yana cikin kwamfutarsa shi kaɗai, ba wanda zai iya mayar da ita sabon tsari. Ranar da wayoyin da ke ɗaukar ta suka ƙare, ita ma ta ƙare.

Tarihin Kodi ya nuna mafita. Manhajar kallo ce da ta fara rayuwa a kan na'urar wasa ta Xbox da sunan XBMC. A 2013 ta isa Android da ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi, a 2014 ta koma Kodi. An daina ƙera Xbox ta farko tuntuni, amma manhajar tana nan, domin rubutun asalinta a buɗe yake, duk mai ilimi yana iya gyara shi. Haka VLC, wadda ɗalibai suka fara a Faransa, take aiki yau a tsofaffin na'urori da sababbi.

Saboda haka akwai aiki a gaban kowa. Matasan da ke gina manhajojin Hausa su riƙa fitar da nau'i biyu, na bit 32 da na bit 64, su kuma ajiye rubutun asali inda wani zai iya ci gaba da shi. Masu turi su adana ainihin sauti da bidiyo da rubutu a tsarin da kowace na'ura ke buɗewa, irin su MP3 da MP4 da PDF, maimakon dogaro da manhajar da ta kulle su a cikinta. 'Yan ci-rani kuma, kafin su biya kuɗin waya, su tambayi wane Android ne a cikinta, domin arha ba ta ado idan wayar za ta tsufa cikin shekara ɗaya.

Hukumomi ma suna da nasu kason. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maradi za ta iya mayar da sabunta tsofaffin manhajojin Hausa aikin kammala karatu ga ɗalibanta. Hukumar ARCEP da ma'aikatar kasuwanci su duba yadda za a riƙa bayyana wa mai saye irin wayar da yake saye. A Maris 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Matsayin zai yi nauyi ne idan abin da aka rubuta da abin da aka naɗa da Hausa ya iya buɗuwa a wayar da mutumin Tasawa da na Mayahi zai riƙe nan da shekara biyar.