Lambar da Rediyo Ke Faɗa Ba Ita Ce Zafin Ɗakinka Ba

Da zarar bazara ta kankama, sai ka ji kafafen yaɗa labarai suna ta yi wa lamba kirari: yau Sakkwato kaza, gobe Maiduguri kaza. Kada ka auna lafiyar iyalinka da ita. A inuwa ake ɗaukar wannan awo, inda iska ke kaɗawa. Ɗakin kwanon da tsohuwarka ke kwance a ciki da tsakar rana ya fi haka zafi nesa ba kusa ba.

Ranar 3 ga Afrilun 2024 zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na Mali, duniya ta ɗauka. Abin da ba a cika ba da labarinsa ba shi ne daren da ya ƙi sanyi. Jikin da bai samu hucewa da dare ba kwanaki a jere shi ne ke gazawa, musamman na tsoho, jariri da mai ciwon zuciya ko ƙoda.

Saboda haka, mutanen gidanka za ka riƙa dubawa. Fitsari ya ragu ya yi duhu? A ƙara shan ruwa. In kuwa mutum ya soma sambatu, jikinsa ya yi zafi rau, a jiƙa shi da ruwan sanyi, a yi masa fifita, a garzaya da shi asibiti nan take.